Tuwon da Alƙali Bai Ci Ba

Ni dai ba ni na kai kaina cikin maganar nan ba, jefa ni aka yi, kuma ga shi har na fara furfura ba a bar ni na fita ba. Da can Inna Ige ce ta jawo ni, yanzu kuma ku ne 'ya'yana. Kun je biki Masama kun dawo kuna kumbure-kumbure, wai an ce muku Kaka Alƙali ya sayar da danginsa, kun tsare ni sai na gaya muku abin da ya faru. To ga shi zan rubuta, don na gaji da maimaitawa. In kun ga rubutun ya karkace kada wanda ya yi mini dariya. Kun san ubanku daga aji uku na sakandare ya fita, kuma ba ta ƙofa ba.

Inna Ige kakata ce, ita ta haifi babana, a ɗakinta na tashi bayan rasuwarsa. Kun san yadda jika yake da kakarsa: ni mijinta ne, ita matata, kullum muna cikin rikicin cefanen da ban taɓa yi ba. Alƙali Sahabi kuwa ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya, autansu. Tunda ita matata ce, shi ya zama ƙanin matata ke nan, kuma haka nake kiransa a gaban kowa. Manyan mutane na cire takalmi kafin su gaishe shi, ni kuwa in na gan shi sai in tambaye shi ko ya kawo wa mijin yayarsa goro. A duk zuriyar nan ni kaɗai na taɓa sa shi dariya har hularsa ta faɗi. Abin da ya ja mini ke nan.

Labarin yadda ya hau ba zan ja shi ba, lauyoyi sun fi ni sanin matakalar. Abin da na sani, yaro ne mai korar tsuntsaye a gonar shinkafa, aka zo neman yaran da za a sa boko, ubansu ya duba ya miƙa wanda ya fi ƙanƙanta don kada a rasa hannu a gona. Daga Gwandu ya wuce gaba, ya karanta shari'a, ya yi lauyan gwamnati, ya yi majistare, ya hau babbar kotun jiha, ya hau ta ɗaukaka ƙara, har aka wayi gari rediyo ta ce an naɗa shi alƙalin Kotun Ƙoli. Ranar mata sun yi guɗa a Masama har muryarsu ta dishe. Abin da ba mu lura da shi ba, duk matakalar da ya taka sai ya ajiye wani abu nasa a ƙasa. Da ya zama majistare ya daina zaman majalisa a bakin kasuwa. Da ya kai babbar kotu ya daina zuwa biki, sai jana'iza, ita ma ya yi salla ya juya. Daga baya ko goro ba ya karɓa. In an aiko masa ragon layya, motar da ta kawo shi ita ke mayar da shi. Har Inna ya aiko wa cewa kada a ƙara kai masa tsaraba daga gida muddin gidanmu na da shari'a a kotu. Ta yi fushi, ta huce, ta ce boko ne.

Shari'ar kuwa ta fadama ce, can wajen Wurogauri ta ɓangaren Kalgo. Mahaifinsu Inna ne ya fara noma ta, kuma Alƙali tun yana saurayi ya ce ya bar wa yayarsa rabonsa. Fadamar nan ita ce cikinmu gaba ɗaya. Da ruwa ya sauka gidan ke tarewa can a bukkoki, ba a dawowa sai da shinkafa. Mutanen gidan Jaɓɓi na Wurogauri suka ce aro aka ba kakanmu, a mayar musu da abinsu. Mu muka ce kyauta ce. Baffa Modi, yayan babana, shi ya riƙe shari'ar a madadin Inna. Ina goye aka shigar da ƙara, ina da gemu ta isa Kotun Ƙoli. Nan mu ci, can su ci, a ɗaukaka, a dawo da ita baya, a sake sabon zama. Duk tsawon lokacin nan gonar na hannunmu muna nomawa, tunda ba a yanke na ƙarshe ba.

Ranar da lauya ya ce takardu sun isa Kotun Ƙoli, Baffa Modi ya yanka zakara. Ya ce shari'a ta zo gida. Bai gama sakace haƙoransa ba lauyan ya sake kira ya ce Alƙali ya janye, ya gaya wa shugabansu ba zai zauna a kanta ba, ba zai ko taɓa fayil ɗin ba, saboda ta danginsa ce. Lauyan ya ce haka doka take, ba abin mamaki ba ne. A Masama ba wanda ya ji wannan ɓangaren. Kalma ɗaya aka ji: ya janye.

Lokacin ina kabu-kabu a Gwandu, ina zaune kan babur a tasha ina tsokanar mai rake, sai ga aike wai Inna na nemana. Na same ta a ƙofar ɗaki da wani ɗan buhu a gabanta.

"Mijin, aje babur ɗin ga. Habuja za ka tahi."

"Ni? Ga Baffa Modi da babbar riga, ga liman, ga masu gemun gaske. Sai ni da ko takalmin kirki ba ni da shi?"

"Modi in ya ga Sahabi bakinai mutuwa shikai. Kai ko Allah bai ba ka kunya ba. Yau ta yi rana."

Ta kwance bakin buhun. Jar shinkafar fadama ce, sabuwa, ita ta turara ta da hannunta ta surfe. Ga busasshen kifi, ga kuka, ga daddawa a ƙulle cikin tsumma.

"Ka sa a tuƙa mai tuwo. Kak ka ce mai komi sai ya ci. In ya ci ya ƙoshi, ka ce Ige ta ce wanga tuwo daga ina yah hito. In gani in mutum na iya cin gona shi ce ba ruwanai da ita."

"In ya ɗaure ni fa?"

"Sai in yi takaba in huta."

Haka na kwashi buhu na shiga motar Abuja. Da na isa, ɗan sandan da ke geti ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambaye ni wa zai ce. Na ce ya gaya wa maigidan mijin yayarsa ya iso. Ya ɗauka mahaukaci ne, sai da aka kira daga ciki aka ce a bar ni.

Ni da nake zaton zan ga gida cike da jama'a kamar na 'yan siyasa, sai na tarar da shiru. Ba mai zuwa, ba mai fita. Daga shi sai kukunsa, wani dattijo mutumin Zuru, matarsa ta tafi wajen 'yarsu da ta haihu. Na same shi a wani ɗaki da takardu suka cinye, ɗauri-ɗauri da igiya, a kan tebur, a kan kujeru, a ƙasa har gindin taga. Yana sanye da tabarau kuma yana riƙe da wani gilashin a hannu yana bin layi da shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ƙanin matata, haka ake tarbar manya? Ko tabarma babu?"

"Ɗan nema. Wa ya sake ka?"

"Matata ce ta ce in zo in ga ko kana raye. Waɗannan fa, sayarwa kake yi? Akwai mai ƙosai a Gwandu da za ta saye su duka."

Ya yi ɗan murmushi, ya ɗora hannu kan wani ɗauri. Ya ce wannan mutum biyu ne ke jayayya a kan shago, dukansu sun rasu, 'ya'yansu ke jira. Wancan kuma wani ne aka yanke wa hukuncin kisa, yana zaune a kurkuku yana jiran abin da za su ce, ko ya rayu ko a'a. Ya ce daga wajensu ba inda za a ƙara kai kuka sai wajen Allah, shi ya sa ba ya iya tsallake ko layi ɗaya. Na ce to Allah ya ba da lada, ni yunwa nake ji. Buhun kuwa tun a geti na zagaya da shi kicin. Na gaya wa kuku daga kasuwa na sayo. Ya buɗe, ya shinshina, ya dube ni, ya mayar ya ɗaure. Shi ma ɗan Kebbi ne.

Washegari da la'asar Alƙali ya dawo daga kotu, ya yi salla, aka kawo abinci. Da kuku ya buɗe kwanon ya ga tuwon ja-ja, ga miyar kuka da kifi tana turiri, sai ya ce a sauko da shi ƙasa, ba zai ci wannan a tebur ba. Ya zauna ya naɗe ƙafa kamar a Masama. Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya yanki loma, ya dangwalo miya, ya kai ta daf da baki. Na riga na fara shirya saƙon Inna a zuciyata. Sai ya tsaya. Ya daɗe riƙe da lomar nan yana shaƙar turirinta, ido a rufe.

"Yaya Ige ce ta turara wannan."

"Kai, a kasuwa na saya."

"Nafi'u, tun da na hana ba ta ƙara aiko mini ko ƙwayar gero ba. In ta aiko yau, daga fadamar nan ce."

Ya mayar da lomar gefen kwano a hankali. Ya jawo ruwa ya wanke hannunsa. Ya ce wa kuku ya kawo masa shayi da burodi.

"Haba Milod," na ce, yadda lauyoyi ke kiransa a kotu, "loma ɗaya ce fa. Ai da baki za ka ci, ba da hanci ba."

Kullum in na faɗi irin wannan yana dariya. Ranar bai yi ba. Ya zauna yana kallon tuwon, ni kuma na isar da saƙon Inna tunda shi ya kawo ni, na ƙara da na Baffa Modi: in ba zai zauna ba, ya ɗan raɗa wa abokan aikinsa kalma ɗaya, ai tare suke shan shayi.

Ya cire tabarau ya murza idanunsa. Ya ce bari ya ba ni labari, in na ga dama in kai, in na ga dama in haɗiye. Ya ce tun kafin a sa shi boko, har bayan an sa shi in ya zo hutu, duk shekara in an yanke shinkafa, damin farko ba ya shiga rumbunmu. Mahaifinsu zai ɗaure shi da kansa, ya ɗora masa a ka, ya ce ya kai gidan Jaɓɓi. Kuma akwai maganar da ake faɗa in an sauke, ba a canza ta. Sai ya durƙusa a zaure ya ce: Baba ya ce a gaishe da mai gona.

"Mai gona," ya sake faɗa. "Ba maƙwabci ba, ba aboki ba. Mai gona. Bakina ne ya faɗa, shekara da shekaru. Bayan Baba ya rasu aka daina kaiwa, ni ina makaranta."

Na ce to Inna ta sani?

"Ita ke naɗa mini gammo."

"To kai da ka san haka, me ya hana ka faɗa tun farko a huta?"

Ya ce ya faɗa wa yayarsa tun ranar da aka shigar da ƙara, ya roƙe ta a je a yi sulhu, ta ce gaisuwar zumunci ce kawai, shi yaro ne bai san komai ba. Kotu kuwa ba wanda ya kira shi shaida. Tsofaffin gidan Jaɓɓi da suka san shi ne mai kai damin duk sun rasu, na bayansu sun san ana kaiwa, ba su san kan wa ba. Ya ce da an kira shi da ya faɗa, don ba zai rantse ya yi ƙarya ba. Amma bai kai kansa ba. Kullum addu'arsa kada a kira shi.

"Ina zaune ina raba wa mutanen da ban sani ba gaskiyarsu, ga ta mutanen Jaɓɓi a bakina na riƙe, saboda in na sake ta yayata za ta kwana da yunwa. Ban yi ƙarya ba, ban kuma yi gaskiya ba. Ka ga wanda ya kamata a sa ya yi hukunci a kan gonar nan? Ci tuwonka, Nafi'u. Kai ba ka rantse wa kowa ba."

Na ci, don ni ba a wasa da ni a kan tuwo. Shi kuma yana gefe yana tsoma burodi a shayi.

Da na koma Masama ko sallama Inna ba ta bari na gama ba.

"Ya ci?"

"Bai ci ba. Amma ya ce in tambaye ki wa ke naɗa masa gammo."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Gaisuwa ta. Ta zumunta." Sannan ta nuna ni da yatsa. "Ruhe bakinka. In Modi ya ji wagga magana daga gare ka, sai ka ba ni takardata."

Na rufe. Da Baffa Modi ya tambaya na ce masa kawunsa ya ƙi, shi ke nan.

Kafin damina ta zagayo aka yanke hukunci. Waɗansu alƙalan ne suka zauna, suka duba abin da ke gabansu, suka ce aro ne, gona ta gidan Jaɓɓi ce. Mutanen sun yi mana kirki, ba su yi guɗa a kunnenmu ba, suka bar mu muka kwashe bukkokinmu a tsanake. Ni na yi ta jigilar tukwane da tabarmi a bayan babur. Shekarar ce na fara ganin an auno shinkafa a kasuwa an kawo gidanmu. 'Ya'yan Baffa Modi suka watse cirani, shi kuma mutumin da ke ɗaukar 'yan ƙodago ya koma neman inda za a ba shi haya. Alƙali ya aiko da hatsi mota guda, Baffa ya ce wa direban ya juya da shi, ai daga wajen mai shi aka koyi mayar da kaya. Inna ta daina kiran sunansa, sai dai ta ce mutumin Habuja. In ya kira wayata na miƙa mata, sai ta ce tana lazimi. Shi kuma ba ya tambayata komai sai, "Ta ci abinci?"

Da ya cika shekara saba'in ya yi ritaya, aka yi masa zaman bankwana a kotu. Lauyoyi cikin baƙaƙen riguna suka yi ta tashi suna yabonsa da Turancin da na tsinci kaɗan na bar saura. An ware layi guda na kujeru an ce na danginsa na gida. Ni kaɗai na zauna a ciki, da babbar rigar aro, na baje ta yadda za ta rufe kujera biyu.

Ya dawo Gwandu ya zauna a wani ɗan gida da ya gina tun yana majistare. Bayan 'yan kwanaki ya kira ni ya ce in kai shi Masama, kuma ba ya son mota, a babur za mu je. Na ce ya riƙe ni da kyau, in ya faɗi ba kotun da zan ɗaukaka ƙara. Mun isa bayan azahar. Inna na zaune a inuwar ɗaki tana tsince wake, da ta ji sallamarsa sai ta gyara zama ta ba mu baya. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa na ƙara, ya gaishe ta. Ba ta amsa ba. Kafin ya miƙe Baffa Modi ya shigo, mutanen gida suka biyo shi, mata suka tsaya a bakin ɗakuna. Baffan da aka ce bakinsa na mutuwa a gaban kawunsa, ranar ya samu baki.

"Kawu, sannu da zuwa. Ka zo ganin aikinka? Ga rumbu can, leƙa. Mu munka yi noma kana boko, mu munka yi guɗa ranar da anka naɗa ka. Duk ƙasar ga an ci amfaninka, ban da cikin da ka hito."

"Modi, zauna mu yi magana."

"Ba ni zama! Mi za ka ce min? Doka? Dokar ta haihe ka?"

Na ga abin zai yi nisa, na ce Baffa a bar tsoho ya sha ruwa tukuna, ko ɓarawo ana ba shi ruwa kafin a kai shi gaban alƙali, balle alƙalin da kansa. Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya ce in rufe masa baki ko ya rufe mini. Ya juya kan kawunsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Ba mu ce ka yi sata ba. Magana ɗaya munka roƙa. Ɗaya! Da ka buɗe baki ka yi magana ɗaya, da yau ɗiyana na gida."

Alƙali ya juya yana kallon bayan yayarsa, kamar yaron da ke jiran a ba shi izini. Hannun Inna ya tsaya a cikin faifan wake. Ba ta waiwayo ba.

"Hwaɗa mai, Sahabi," ta ce. "Ni na gaji."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe. Da ya buɗe baki, Hausar rediyon nan tasa ta tafi, ta Masama ce ta fito.

"Modi, damin aron da aka kai gidan Jaɓɓi, bisa kaina shike tahiya. Da na buɗe baki, da tun kotun hwarko kun bar gonar. Shiruna kunka yi ta ci shekarun ga duka."